Miya na tsami, an ce littafi ne ya jawo

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Kano, 'ya'yana huɗu, babbar shekararta 12, autan kuma 3. Tun ina budurwa nake son karatun littattafan Hausa, da can na takarda, yanzu galibi a waya. Tun da zafin nan ya shigo nake cikin damuwa. Da hantsi nakan yi miyar taushe ko ta gyaɗa tukunya guda, mu ci da rana, sauran na juye a kula saboda dare. Kafin isha'i sai na tarar ta yi kumfa ta yi tsami. Sau biyu kuma ta kama ina cikin karatu, ƙauri ya cika gida. Makon jiya autana ya yi gudawa bayan ya ci ɗumame. Mahaifiyar maigidana, da muke gida ɗaya, ta ce duk littafin nan ne, shi ma maigidan ya fara cewa in ajiye karatu gaba ɗaya. Wuta ba ta zama a unguwarmu, firij ɗinmu ya koma kabad. In daina karatun ne? Wace miya ce ta dace da wannan yanayi? Kuma ina so yarana su taso da son karatu, amma yanzu tsoron ɗaukar littafi a gabansu nake ji.

Maman yara huɗu

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Allah ya ƙara wa autan lafiya, ya kuma sanyaya mana.

Laifi biyu aka haɗa miki a kwano ɗaya, alhali ɗaya ne kawai naki. Miyar da ta kama har ta yi ƙauri, wannan kam aikin littafi ne, ki karɓa ba gardama. Amma tsamin da miya ke yi kafin dare, ko yau kika goge duk littattafan da ke wayarki ba zai daina ba, don ba karatu ke kawo shi ba. Zafi ne da daɗewa, sai kuma kular nan da kike ɗauka ita ce mai rufa miki asiri. Da wannan za mu fara, tunda shi ne ya kwantar da yaro.

Ƙwayoyin cutar da ke ɓata abinci sun fi walwala tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin salshiyas. Ƙasa da 5 sanyi yana daƙile su, sama da 60 zafi yana hana su hayayyafa. A tsakani, musamman wajen ɗumin jikin mutum, wasunsu na ninka kansu duk bayan minti 20. Ki lissafa: ƙwaya ɗaya da ta samu wuri na awa 7 za ta iya haura miliyan 2. A Kano kuwa, cikin watan Afrilu, zafin rana yakan kai 40, kicin ɗin da aka gama girki a cikinsa ma ya fi haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye, ba a kan wuta ba kuma ba a cikin sanyi ba. Idan zafin gari ya haura 32, masana sukan rage shi zuwa awa 1. Ke kuma miyarki tun ƙarfe 1 take zaune har ƙarfe 8.

Kula ba ta dafawa, ba ta sanyayawa; zafin da kika ba ta take riƙewa na ɗan lokaci. In aka juye mata miya tana tafasa, aka cika ta har wuya, aka rufe ba a sake buɗewa ba, mai kyau za ta riƙe zafin na wasu awanni. Amma yadda aka saba yi a gidaje, sai an gama zuba wa kowa, miya ta sha iska, ludayi ya shiga ya fita, wani ya dawo neman ƙari, sannan a juye abin da ya rage cikin ƙatuwar kula, rabinta iska. To miyar ba ta da zafin kashe komai, kular kuma ta hana ta hucewa. Ɗakin ƙyanƙyasa kika yi wa ƙwayoyin. Gyaɗa da kabewa da romon nama kuwa abinci ne mai maiƙo a wurinsu, shi ya sa miyar gyaɗa ke saurin juyawa.

Hajiya, mahaifiyar maigidanki, za ta ce miki su a zamaninsu tafasa miya suke yi da daddare, su rufe, da safe a ɗumama, kuma ga su nan da ransu. Ba ƙarya ta yi ba. Tafasawa na kashe yawancin ƙwayoyin, murfin da ba a ɗaga ba yana hana sababbi shiga, da hunturu kuma dare na taimakawa. Inda dabarar ke gazawa shi ne akwai nau'in da ke yi wa kansa ɓawo ya tsira daga tafasa, sai miya ta fara hucewa ya farka. Akwai kuma waɗanda in sun yawaita sukan bar guba a cikin abinci, gubar da ɗumamawa ba ta kashe ta. Saboda haka miyar da ta yi kumfa ko ta sauya wari, zubarwa ake yi, ba a gyara ta da wuta ko da kanwa. Kada kuma ki dogara da hanci: abinci yana iya cutarwa bai yi wari ba. Tuwon shinkafa da dafaffiyar shinkafar da suka wuni a rufe su ma haka suke, kada a ɗora wa miya laifi ita kaɗai.

Idan gudawar ta sake kama yaro, abin tsoro shi ne ƙarewar ruwan jiki, balle a wannan zafi. Ki ajiye fakitin ORS, wato garin haɗa ruwan gishiri da sukari, a gida, ki haɗa shi yadda aka rubuta a jiki. In babu, lita 1 ta ruwan da aka tafasa ya huce, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan bayan kowane zawo, kada a daina ba shi abinci, a kuma tambayi ma'aikacin lafiya ƙwayar zinc, wadda ake ba yara kwana 10 zuwa 14. Jini a bayan gida, amai ba ƙaƙƙautawa, zazzaɓi, idanu su faɗa ciki, ko ya ƙi shan komai: wannan asibiti ne nan take, ba a jira gari ya waye.

Shawararmu dai a taƙaice: daga yanzu har ruwa ya sauka, ki daina miya ɗaya don ci biyu. Ki yi ta rana daidai cikin gida, ki yi ta dare dabam da kayan da ba sa buƙatar firij. Za ki ce aiki ya ninku. Bai ninku ba, don ta daren kamar minti 30 ce, kuma ta ranar in kika rage ta, kika sauya jerin aikinta, za ta ba ki lokacin karatu fiye da wanda kike sata yanzu.

Ga taushen bazara mara nauyi, na mutum shida zuwa bakwai, ci ɗaya. Nama mai ƙashi rabin kilo. Kabewa kamar rabin kilo bayan an fere ta an cire 'ya'yan. Tumatir 5 matsakaita, tattasai 3, attaruhu 2 (saboda yara, manya su ƙara yaji a kwanonsu), albasa 2, tafarnuwa sala 3, citta ɗan gutsure, daddawa ɗaya babba. Alayyahu cikin hannu huɗu bayan an yanka, yakuwa cikin hannu ɗaya; in ɗanyar ta yi wuya, busasshiya rabin haka, a jiƙa ta. Lawashi in an samu. Mai babban cokali 4, manja ko man gyaɗa. Ruwa lita ɗaya da rabi. Dakakkiyar ɗanyar gyaɗa rabin gwangwanin madara kawai, ba cikakke ba kamar na hunturu: a wannan zafi miya mai kauri tana nauyi a ciki, ita ce kuma ke saurin kamawa. Kafin ki daka gyaɗar ki tsince duk wadda ta yi baƙi, ta yamutse ko ta yi funfuna, don gubar da ke jikinta tana cutar da hanta kuma dafuwa ba ta kawar da ita.

Ki wanke naman ki ɗora da duk ruwan, da rabin albasa, citta, dakakkiyar daddawa da gishiri. Ki tsaya har ya tafasa, ki kwashe kumfar, sannan ki rage wuta: a gas ɗan ƙaramin harshe, a kurfoti ki kwashe rabin garwashin. Murfi ki bar masa 'yar kafa kada ya yi bori. Kada ki zauna tukuna. Ki jajjaga tumatir da tattasai da attaruhu da sauran albasa da tafarnuwa, jajjage mai gari-gari ba markaɗe ba. Ki wanke ganye sau biyu zuwa uku kafin ki yanka, ba bayan kin yanka ba, ki bar shi a gwagwa ya tsane. Wannan duka minti 15 ne. Yanzu ki saita alam na minti 20 ki ɗauki littafinki. Nama a cikin ruwa lita ɗaya da rabi kan ƙaramar wuta ba shi da abin da zai ƙone. Alam ya buga, ki zuba kabewa manya-manyan yanka, ki duba ruwa, in ya ja ki ƙara kofi ɗaya mai zafi, ki sake saita minti 15 ki koma kan shafinki. Minti 35 na karatu kenan, halaliyarki, kuma ba wanda zai ji ƙauri. Sharaɗi biyu ne: ki zauna inda kike jiyo ƙarar tukunya, kuma ki san inda autan yake, don ɗan shekara 3 da tukunya mai tafasa ba a barinsu su kaɗai.

Daga alam na biyu, littafi ya tafi ɗaki. Ba kan kanta ba, ba cikin aljihu ba, ɗaki. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma minti 30 ɗin da suka rage su ne duk inda miyarki ta taɓa kamawa. Ki tsame kabewar ki murƙushe ta da bayan ludayi. A wata tukunya ki zuba mai, ya yi zafi, ki juye jajjagen ki soya kan matsakaiciyar wuta minti 12 zuwa 15 kina juyawa, har ruwansa ya ƙone, launinsa ya yi duhu, mai ya taso sama. Wannan suyar ce ke kashe tsamin tumatir. In kika yi gaggawa a nan, miyar za ta fito da ɗanɗanon ɗanye ko da kin zuba magi goma. Ki juye romo da nama da kabewar a kai. Gyaɗar ki dama ta da ruwan ɗumi a kofi tukuna, in kika barbaɗa ta a bushe gudaji za ta yi. Ki zuba, ki rage wuta, ki riƙa juyawa har ƙasan tukunya duk bayan minti 2, na tsawon minti 10 zuwa 12, har gafinta ya fita. Sai yakuwa, minti 3, ki ɗanɗana gishiri da magi. Alayyahu da lawashi su ne ƙarshe, minti 3 zuwa 4 ba murfi, ki sauke. Tsamin yakuwa yana dusashe koren alayyahu, shi ya sa ba a barinsu su daɗe tare a wuta. Kanwa kuwa ba ta da aiki a wannan miya. Tana sa ganye ya yi kore shar, amma tana lalata wasu sinadaran amfanin da ke cikinsa.

Dalilin kamawar ba wani sirri ba ne. Ruwa tsinkakke yana juya kansa da kansa idan yana tafasa. Da zarar gyaɗa da kabewa sun shiga, miya ta yi kauri, ta daina juyawa, garin ya kwanta a ƙasa inda wuta take, cikin minti 5 ya ƙone. Siririyar tukunyar alminiyam tana ƙara wa abin sauri. Ki yi amfani da tukunyar ƙira mai kaurin gindi, irin wadda ake zubawa a kasuwa. In kuma tsautsayi ya sake faɗawa, kina jin ƙauri ki sauke nan take, kada ki juya, kada ki kankare. Ki tsiyaye saman cikin wata tukunya, ki bar na ƙasan, ki ƙara ruwan zafi kaɗan ki ƙarasa. Kankarewar ce ke raba ƙaurin ga miya gaba ɗaya.

Wani abu game da yakuwa: tsaminta yana iya ɓoye tsamin lalacewa, har a ci ba a gane ba. Don haka wannan miya ta rana ce. In maigida sai la'asar yake dawowa, nasa za ki fara ɗiba tun tana tafasa, a ƙaramar kular da kika ɗauraye da tafasasshen ruwa, ki cika ta, ki rufe. In ya buɗe ya tarar ba ta turiri, a sake tafasa ta sosai kafin a ci. Ludayin da ya taɓa tuwo ko baki kada ya koma tukunya. Ranar da aka yi sa'a wuta ta zauna firij ya yi sanyi na gaske, ki zuba ragowar a faffaɗan kwano, zurfinta kada ya wuce yatsu uku, ki tsoma gindin kwanon a ruwa ta huce da wuri, ki saka. In aka ɗauke wuta, firij ɗin da ba a buɗewa yana riƙe sanyi kamar awa 4 ne kawai.

Da dare kuma ga kuka, wadda kamar don bazara aka yi ta: ita busasshiya, kifinta busasshe, daddawarta busasshiya, babu mai neman NEPA a cikinsu. Ki jiƙa busasshen kifi 2 matsakaita a ruwan zafi minti 10, ki wanke yashi, ki cire ƙaya da kyau saboda yara. Ki ɗora ruwa lita 1 da kifin, dakakkiyar daddawa, albasa 1, attaruhu 1, citta, masoro kaɗan, manja babban cokali 2, gishiri da magi. Ya tafasa minti 15, har ƙamshin daddawa ya game. Kukar ki tankaɗe ta tukuna, ta kasuwa ba ta rasa tsakuwa. Babban cokali 4, in kina son kauri 5. Ki rage wuta sosai, hannu ɗaya na barbaɗawa kaɗan-kaɗan, ɗayan na kaɗawa da maburgi ba tsayawa. Gudaji daga abu biyu yake zuwa: juye kuka a lokaci ɗaya, ko tsayar da maburgi. Tana ƙara kauri bayan an gama kaɗawa, don haka ki dakata tun tana da ɗan ruwa-ruwa. Minti 5 kan ƙaramar wuta ba murfi, kina juyawa, ki sauke. In ta daɗe a wuta baƙi take yi ta kama. Man shanu a kai. Gobe ki sauya da busasshiyar kuɓewa ko karkashi, sanwar duk ɗaya ce.

Kayan miya na ɗanye ma zafi na cinye su kafin kwana biyu. Akwai dabarar tukunya cikin tukunya da wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa a ƙauyuka har ya samu kyautar Rolex a 2000. Babbar tukunyar ƙasa, ƙarama a cikinta, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da yamma, a rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa shi ke janye zafin ciki. Tumatir da tattasai da alayyahu za su ƙara miki kwanaki. Ta fi aiki a Maris da Afrilu lokacin da iska ta bushe, tana raguwa in hadari ya fara haɗuwa. Amma sanyinta bai kai na firij ba: kada ki saka dafaffiyar miya ko ɗanyen nama a ciki.

Mu dawo kan littafin, don in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Labaran da ake sakewa shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, da gangan ake yanke su a daidai inda zuciya ba za ta haƙura ba. Wadda ta ce “bari in ƙarasa wannan shafin” ta riga ta faɗi. Shi ya sa muka ce alam, kuma in ya buga a tsakiyar jimla za ki tashi. Ki kuma tambayi kanki tsakani da Allah ƙarfe nawa kike kashe wayar da dare. Macen da ta kai ƙarfe 2 tana karatu, ta tashi da asuba ta shirya 'yan makaranta, ko babu littafi a hannunta za ta iya mance tukunya. Ki yanke wa kanki lokaci, ƙarfe 11 misali. Sannan ba kowane littafin waya ba ne ya kamata 'yar shekara 12 ta leƙa. Ki sa wa wayar mabuɗi, ki kuma tace abin da ke kanki kike karantawa.

Maigida kada ki tare shi da maganar a kan abinci, kada kuma a gaban mahaifiyarsa, don a nan dole ya tsaya a bayanta. Ki bari ya huta, ku biyu. Ki fara da naki: “Abban yara, miyar da ta ƙone laifina ne, na kuma gano inda nake kuskure.” Sannan ki yi masa bayanin tsamin kamar yadda muka yi miki, ki roƙi mako biyu ya gani da idonsa kafin a yanke hukunci kan karatu. Ki faɗa masa abin da kike buƙata dalla-dalla: tukunya mai kauri ɗaya, ƙaramar kula, busasshen kifi na mako, da ɗan ƙarin gas ko gawayi. In ya yi maganar kuɗi, ku lissafa tare da naman miyar da aka zubar da kuɗin maganin yaro.

Hajiya kuma ba da hujja ake shawo kanta ba. Kada ki je mata da zancen digiri da ƙwayoyin cuta, za ta ji kamar kina ce mata ba ta iya girki ba bayan shekarun da ta yi tana ciyar da gida. Ki je mata da maburgi. “Hajiya, kukata gudaji take yi, a nuna mini yadda ake kaɗawa.” Ko kin iya. Ki riƙa kai mata ta ɗanɗana gishiri kafin ki sauke. Wadda ta sa baki a miya ba ta cika kushe ta ba. Na ɗan lokaci kuma, in tana zaune a tsakar gida, kada ta riƙa ganinki kai a sunkuye kan waya; a wurin tsofaffi da yawa wannan sunkuyawar ce ke ciwo, don kamar an juya musu baya ne. Littafin takarda bai cika tayar musu da hankali haka ba.

Yara kuwa ba za su so karatu ba in a ɓoye suke ganin ana yinsa kamar abin kunya. Minti 30 ɗin nan da muka hana ki littafi, ki ba babbar. Ta shimfiɗa tabarma a ƙofar kicin, nesa da wuta, ta riƙa karanta miki da ƙarfi kina suya. Idanunki na kan tukunya, kunnenki na kan labari, ita kuma bakinta na faɗawa. Ranar Asabar da Lahadi a miyar rana, sauran ranaku a kukar dare. In ta yi tuntuɓe a kalma kada ki yi caraf ki faɗa mata, ki ƙirga biyar a zuci tukuna. Na tsakiyan su karɓi shafi ɗaiɗai. Autan nasa mai hotuna ne, minti 5 a cinya, ki bar shi ya nuna akuya da yatsa ya faɗi sunanta, ko da littafi ɗaya zai sa ki maimaita sau ashirin. Ki riƙa tsayawa a tsakiya kina tambaya, “Me kuke gani zai faru?” Littattafan yara na Hausa ana samu a shagunan kasuwar Kurmi da Sabon Gari, akwai Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad a nan cikin Kano da za ku iya zuwa ran hutu, shafin African Storybook kuma yana da gajerun labaran yara da Hausa kyauta, ana saukewa a waya.

Bayan isha'i, tunda ɗaki ba ya shiguwa saboda zafi, kowa a tsakar gida yake. Ki sa yaran su roƙi kakarsu tatsuniya, su ne za su roƙa, ba ke ba. In ta ce “Ga ta nan, ga ta nanku,” suka amsa “Ta zo mu ji ta,” to babbar ta saurara da kyau. Ki saya mata littafin rubutu ɗaya, washegari ta rubuta tatsuniyar da hannunta, da waƙar da ke ciki, na tsakiyan su zana Gizo da Ƙoƙi a gefe. Da dare ta karanta wa Hajiya, Hajiya ta gyara inda aka yi kuskure, kuma za ta gyara, har ta ƙara abin da ta manta jiya. A bangon littafin a rubuta “Tatsuniyoyin Hajiya” da manyan baƙaƙe. Ajiyarsa a ɗakinta za a riƙa yi, duk mai son karantawa sai ya je ya yi sallama ya aro.